Kundin aiki: jitar lantarki ta hannu mai baƙon suna

Jitar da ake aiki a kanta siffar Stratocaster gare ta, wato sanannen samfurin kamfanin Fender: gangar jiki mai ƙaho biyu, wuya da aka ɗaure da sukuru huɗu, gaɓa 22 (siraran ƙarafan da ke gicciye a allon yatsu), da maɗaukan sauti uku masu mayar da rawar tsirkiya lantarki. Biyu masu kwayil guda ne, na kusa da jaki kuma mai kwayil biyu. Jakin, wato gadar da tsirkiyoyi ke hawa a gangar jiki, mai hannun lilo ne, yana da sirdi shida, mazaunin kowace tsirkiya. Sunan da ke rubuce a kanta ba a same shi a ko'ina ba. Ana rubuta kowane awo da ranar da aka yi shi, domin katako yana motsi, awon yau ba lalle ya zama na jibi ba.

4 ga Maris

Ba a sayi jitar ba tukuna, hotuna shida ne kawai na mai sayarwa a hannu, dukansu daga gaba, an ɗauke su don fenti ya yi kyalli. Ba su faɗi komai ba. An nemi wasu biyar: bayan kai, mahaɗar wuya da jiki ta gefe biyu, gaɓa ta 1 zuwa ta 5 daf da daf da haske daga gefe, tsawon wuya daga kai zuwa jaki kamar mai saitin bindiga, da ramin baya ba murfi.

Baƙon suna ba shaidar rashin kyau ba ne, ba kuma shaidar kyau ba. Tun shekarun 1960 akwai masana'antun da ke ƙera wa dillalai jitoci, dillali ya yi oda ya sa a buga masa sunan da ya ga dama. Matsumoku a Japan, wadda aka rufe a 1987, ta yi wa Aria da Epiphone da Westone aiki. FujiGen ta yi wa Ibanez da Greco, daga 1982 kuma ta yi wa Fender ta Japan. Daga baya aikin ya koma Koriya ta Kudu wajen irin su Samick da Cort, sannan Indonesiya da Sin. Masana'anta guda tana iya fitar da ta kirki da ta banza a wata ɗaya, gwargwadon abin da mai oda ya biya. Masu sayarwa sun san wannan tarihi, shi ya sa kowace tsohuwar kwafi sai a ce ta zamanin ƙarar kotu ce. Ƙarar kuwa ta 1977 ce, kamfanin da ke riƙe da Gibson ya shigar da ita a kan mai shigo da Ibanez Amurka, kuma kan siffar kan jita aka yi ta. Ba ta ba kowace jita mai baƙon suna wani daraja ba.

Saboda haka an ajiye maganar suna. Rula da mita ne za su yanke hukunci.

6 ga Maris

Ranar duba. Kayan da aka tafi da su: rular ƙarfe ta mita ɗaya, filageji (siraran ƙarafan auna gibi), kafo (matsin da ke danne tsirkiyoyi duka a gaɓa ɗaya), jerin alanki na milimita da na inci, mitar lantarki, na'urar saita amo, tocila, ƙaramin maganaɗisu, da kebur da aka tabbatar da lafiyarsa. Kebur ɗin mai sayarwa ba a yarda da shi, don in ƙara ta tashi ba za a san daga ina take ba.

An bi tsari daga abin da ba ya gyaruwa zuwa abin da sukudireba ke gyarawa. Wuya ne farko, domin jita mai baƙon suna ba lalle a samu wuyan da zai shiga raminta ba. An ɗaga ta an hango daga kai: gefen tsirkiyar E mai kauri da gefen E siririya (sunayen tsirkiyoyin shida E, A, D, G, B, E) suna lanƙwasa iri ɗaya, ƙarafan gaɓa suna jere kamar matakala, babu wanda ya karkace. Da gefe ɗaya ya yi kwari ɗaya ya yi doro, wuyan ya murɗe kenan, a nan ciniki zai mutu.

Sai kwarin wuya. Kafo a gaɓa ta 1, yatsa a gaɓa ta 17, tsirkiya ta zama miƙaƙƙen layi, a zura filageji a gaɓa ta 8. An samu milimita 0.70. Abin da ake so bai wuce 0.25 ba. Yawan kwari shi kansa ba laifi ba ne, abin tambaya shi ne ko rodin da ke cikin wuya, wanda ake ɗaurewa don miƙe shi, yana aiki. Da izinin mai ita aka sassauta tsirkiyoyi, aka gwada alanki: na milimita 4 ya shiga cif, kusurwoyin noti ba su cinye ba. An fara sassautawa kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, sannan aka mayar aka ƙara kashi ɗaya cikin takwas. Dalilin fara sassautawa shi ne, in notin ya riga ya kai ƙarshen zarensa, ƙara ɗaurewa ne ke karya rodi. Ya juya da ɗan tauri, ba kuka. Bayan an sake ɗaure tsirkiyoyi kwarin ya sauka zuwa 0.60. Rodi yana da rai.

Tsawon tsirkiya: daga bakin matashi, wato farin abin da tsirkiyoyi ke ratsawa a kai, zuwa tsakiyar gaɓa ta 12 an samu milimita 324. Ninki biyu 648, awon Fender kenan, inci 25.5. Na Gibson 628 ne. An kuma auna gaɓa ta 1, ta 5 da ta 7 daga matashi: 36.4, da 162.5, da 215.5. Duk sun dace da lissafi. Wannan awo minti biyu yake ci, amma a kan jita da ba a san maƙerinta ba ya zama dole, don gaɓa da aka yanka ba a wurinta ba babu saitin da zai sa ta faɗi gaskiya. Daga gaɓa ta 12 zuwa sirdin E siririya 325, kuma sirdin yana da sauran wurin tafiya gaba da baya, wato an dasa jaki inda ya dace.

Tsayin tsirkiya a gaɓa ta 12 ya kai 3.2 a E mai kauri, alhali duk sirada sun kwanta ƙasa, sukurorinsu sun fito sama suna sukar tafin hannu. An rubuta wannan a matsayin matsalar kusurwar wuya. Ƙarafan gaɓa ta 1 zuwa ta 3 sun yi ɗan lotsawa a ƙarƙashin G da B. A mahaɗar wuya akwai siririyar tsaga a fenti, tsawon farce. An danna wuya gefe da gefe ana kallonta da tocila, ba ta buɗe ba, ta fenti ce kawai.

Lantarki: an sa kebur, an buɗe mamurɗin ƙara, wato abin murɗawa na ƙarfin sauti, har ƙarshe, an ɗora mita a kan baki da gefen filogi. Na wuya kilo-om 5.4, na tsakiya 5.5, su biyun a haɗe 2.7. Daidai. Na jaki ya nuna 4.06, kuma a amfilifaya yana ƙugi kamar sauran. Maɗauki mai kwayil biyu ya kamata ya kai 7 zuwa sama, kuma dalilin ƙera shi tun farko, wanda Seth Lover ya yi wa Gibson a 1955, shi ne kashe ƙugi. Rabi ne ke aiki. Mamurɗin ƙara yana ƙarce-ƙarce, soket yana girgiɗi.

An saya, bayan an lissafa wa mai ita abubuwa huɗu da za su ci aiki: kusurwar wuya, ƙarafan gaɓa, maɗaukin jaki, da mamurɗi.

7 ga Maris

An kwance ta. Kafin a cire komai an ɗauki hoton wayoyi daga kusurwa uku, kowane rukunin sukuru an zuba shi a ledarsa da suna a jiki.

Ramin wuya ne wurin da fenti bai rufe gaskiya ba. Katako ne zalla, ba falle-falle ba, yana da laushi har farce na iya lotsa shi. Kaurin jiki milimita 40, na Stratocaster na asali 44.5. Babu hatimi, babu rubutun fensir, babu lambar shekara a bayan mamurɗai. Mamurɗan Amurka suna ɗauke da lambar masana'anta, misali 137 ta CTS, biye da shekara da mako, waɗannan kuwa ƙanana ne masu faɗin milimita 16, ba komai a jikinsu sai A500K. A bayan kai akwai ragowar sitika mai hoton kwandon shara da aka ja wa layi, alamar da Tarayyar Turai ta wajabta wa kayan lantarki daga 2005. Ke nan jitar ba ta girmi wannan shekara ba. Iyakar abin da za a iya cewa kan shekarunta kenan, kuma ya wadatar.

Ɗaya daga cikin sukurorin wuya huɗu yana juyawa ba ya kamawa. Ba a gano wannan ranar duba ba, kuma ya kamata a gano: ɗora sukudireba a kan kowanne ba zai ci daƙiƙa goma ba.

9 ga Maris

Yau awo kawai, ba a taɓa gyara ba. A irin wannan jita tarkon yana nan: ido yana ganin Stratocaster, sai a yi odar kayan Stratocaster, su zo su ƙi shiga.

Faɗin ramin wuya 56.5, na Fender 55.6. Tazarar sukurorin jaki daga na farko zuwa na shida 52.5, na tsohon samfurin Amurka 56. Tazarar tsirkiya a sirdi 10.5. Dunƙulen ƙarfen da ke ƙarƙashin jaki tsayinsa 36, maganaɗisu bai kama shi ba, na zink ne. Wanda ya sayo dunƙule mai tsayi 42 don wai ya ƙara amo, zai tarar ya leƙo ta baya, murfi ya ƙi rufuwa, saboda siraran jikin. Ramukan kunnuwan ɗauri 10. Ramukan mamurɗai 8. Faifan gaba, wanda maɗaukai da mamurɗai ke ɗaure a jikinsa, yana da sukuru 11 kamar na Fender, amma da aka ɗora tsohon faifai mai awon Fender a kai, ramuka huɗu ne kawai suka haɗu. Tudun allon yatsu inci 12, wato milimita 305, ya fi na Fender na zamani mai 241 shimfiɗuwa. Faɗin matashi 42, kauri 3.5, gindinsa a miƙe.

An manna takardar awon a bangon wurin aiki. Duk abin da za a yi oda sai an gwada shi da ita.

11 ga Maris

Sukurun da ya ƙi kamawa. An faɗaɗa ramin da ke dunduniyar wuya da bakin diril mai milimita 6, an naɗa tef a bakin a zurfin 15 don kada ya ɓullo ta allon yatsu. An shafa wa guntun icen tauri gam ɗin katako, an buga shi ciki, an goge abin da ya tsatso. Tsinken sakace da sufa gulu suna yin maganin sukurun faifai, amma ba na wuya ba, wanda ke riƙe da jan tsirkiyoyi na kusan kilo 45. An bar shi awa 24.

12 ga Maris

An sare guntun daidai da fuskar dunduniya, an mayar da wuya raminsa da sukuru uku, an zura na huɗun ta jiki an danna don ya yi alama, sannan aka huda da baki mai milimita 3. An lura cewa ramukan da ke jikin jitar sun matse, sukuru yana cin zare a cikinsu. Wannan kuskuren masana'anta ne da ake yawan gani: in sukuru ya kama jiki da wuya lokaci guda, ba ya jawo su su manne, sai ya bar siririn gibi. An buɗa ramukan jiki zuwa 4.5 har sukuru yana wucewa da turin yatsa.

15 ga Maris

Ƙarafan gaɓa. Wuya a cire, a kan jakar yashi. An sassauta rodi har allon yatsu ya miƙe sarai, an tabbatar da rula mai tsaga-tsaga wadda ke zama a kan katako ba a kan ƙarafa ba. In aka goge ƙarafa wuya yana da kwari, na farko da na ƙarshe ne za su cinye, a ɓata aiki.

Kafin guga an bi kowace gaɓa ana ƙwanƙwasa ta da bayan ƙaramin ƙarfe. Lafiyayya tana amsawa da tauri, wadda ta ɗaga tana yin amon kurma. Ta 9 da ta 14 sun ɗaga a gefen E siririya, filageji mai 0.05 yana shiga ƙarƙashinsu. An shafa kaki a katakon da ke gefensu, an ɗiga siririn sufa gulu ya tsotsu ciki, an matse da kilam na minti goma. Wannan mataki shi ake yawan tsallakewa. Ƙarfen da bai zauna ba yana nutsewa in sandar guga ta bi ta kansa, ta wuce ya sake ɗagowa, a yi ta guga ba a ga sauyi ba.

Tsayin ƙarfe a inda bai ci ba 1.10, a cikin lotsawar gaɓa ta 2 kuma 0.96. Akwai nama. Da ya sauka kusa da 0.6, da sabbin ƙarafa ake magana. An rufe allo da tef, an shafa maka baƙa a kan kowane ƙarfe, an bi da sandar guga mai samfefa 320, tsawon wuya, ba a danna ba, nauyin sandar kawai. Ana tsayawa bayan kowane bi biyar a duba. Inda baƙi ya rage, nan ne ƙasa. An daina da zarar baƙin cikin lotsawa ya ɓace. Daga gaɓa ta 15 zuwa ƙarshe an ƙara gangara kaɗan, don jan tsirkiya sama a can kada ya shaƙe amo.

Guga tana barin saman ƙarfe a baje, ƙarfe mai bajajjen kai kuma yana ture inda tsirkiya ke tsayawa, amo ya kauce. An sake shafa maka, an dawo da kumburin da magagari mai kwarmi har ya rage siririn layin baƙi a tsakiya, kamar zare. Ba a taɓa wannan layin da magagari. Sai samfefa 400, 600, 1000, sannan man gogewa. Bakunan ƙarafa suna ɗan karce hannu saboda katakon ya tsuke a busasshiyar iska, an bi su da ƙaramin magagari mai santsin gefe. Aikin ya ci awa huɗu da rabi.

18 ga Maris

Asirin maɗaukin jaki ya tonu ba tare da an sayi komai ba. Yana da waya huɗu da garkuwa. Biyu daga ciki an haɗe su da dalma, su ne gadar da ke tsakanin kwayil ɗin biyu, ya kamata bakinsu ya zauna a rufe. Tef ɗin da aka naɗe su da shi ya bushe ya warware, bakin ya kwanta a bayan mamurɗi, wanda yake a haɗe da at, wato wayar ƙasa ta lantarki. Hakan ya kashe kwayil ɗaya gaba ɗaya. An ɗaga shi, an sa robar da ke tsukewa da zafi. Mita kai tsaye a kan wayoyi: 8.2. Kalar wayoyi ba abin dogaro ba ce a nan, kowane kamfani da nasa tsari, da mita aka gano wace waya ce ta wane kwayil.

Maɗaukan biyu masu kwayil guda an juya su: akwai sandar maganaɗisun siramik manne a ƙasa, ƙusoshin sama ƙarfe ne kawai. Tsarin masu sauƙin kuɗi kenan, amonsu ya fi na masu maganaɗisun alniko kaifi. Ba a cire su ba. Canza maɗauki kafin a gama saiti ɓarnar kuɗi ce, don ba a ji ainihin muryar jitar ba tukuna. An gwada da kamfas: na tsakiya yana jan kishiyar ɓangaren da na wuya ke ja, kuma ƙugi yana ɗaukewa in an haɗa su.

Mamurɗan amo biyu da suwicin zaɓi sun warke da feshin wanke lantarki. Na ƙara bai warke ba, yana da wani wuri kusa da 7 da sauti ke ɗaukewa ɗif, gawayin ciki ya cinye. An yi odar sabo. Kafasita mai 0.047 ce, an bar ta. Soket kuwa notinsa ne ya kwance, wani ya yi ta murɗa shi daga waje har wayar ciki ta naɗe, saura zare biyu ta tsinke. An yanke an sake liƙawa, an ƙara wosha mai haƙora. Duk mai ɗaure soket ya riƙe shi ta ciki.

22 ga Maris

Sabon mamurɗi ya zo, kuma an faɗa tarkon da aka yi gargaɗi a kansa. An duba ƙarfinsa, 500K, an duba tsarin tafiyarsa, A, an duba wuyansa, 8, amma ba a ƙirga haƙoran sandarsa ba. Yana da 24 ƙanana irin na Amurka, hular jitar kuma ta masu 18 ce. In aka tilasta ta, ko hula ta tsage ko sanda ta nutse ta fasa bayan mamurɗi. An ƙara layin haƙora a takardar bango. An samu hula guda mai 24 a akwatin tarkace, kalarta ba ta dace ba, za ta yi aiki zuwa wani lokaci.

Liƙi da dalma 60/40, zafi digiri 360 na Celsius. An kankare bayan mamurɗi da samfefa kafin a ɗora dalma, aikin kowane liƙi bai wuce daƙiƙa huɗu ba. Ƙarfe mai raunin zafi ya fi mai ƙarfi ɓarna, don yana sa a daɗe a kai har ciki ya dahu.

An shimfiɗa tef ɗin jan ƙarfe mai gam mai ɗaukar lantarki a ramin wayoyi da bayan faifai, an bar ɗan harshe ya hau leɓen rami don su haɗu in an rufe. Mita daga kowace kusurwa zuwa gefen soket ta nuna ƙasa da om ɗaya. Wayar at da ke zuwa farcen sifirin a baya, wato ƙarfen da sifirin jaki ke maƙale, ta kusa rabuwa, dalmar ta dunƙule a kai ba ta kama ba, an sake ta. Garkuwar tana rage tsatsar ƙarar fitilu da caja, amma ba ta kashe ƙugin layin wuta a maɗauki mai kwayil guda, wannan halinsa ne. Abu guda da ba a wasa da shi: tsirkiyoyi suna haɗe da at ɗin amfilifaya, don haka ba a gwada jita a amfilifayar da aka cire wa ƙafar at.

25 ga Maris

Haɗawa. Bayan daidaita kwari, tsayi a gaɓa ta 12 zai tsaya wajen 2.7, ana son 2.0. Don rage 0.7 a tsakiya sai an rage ninki biyu a jaki, 1.4, sirada kuwa ba su da wurin sauka. An sa siririn katako mai gangarar rabin digiri wanda ya cika ramin wuya duka, kaurin yana wajen jaki. Lissafinsa yana ba da kusan milimita 2 a sirdi, wato bayan an samu abin da ake nema za a samu sauran wurin ɗaga sirada su bar ƙasa. Guntun kati a ƙarshen rami shi ma yana ba da kusurwa, amma yana barin iska a ƙarƙashin dunduniya.

Kafin a ƙarasa ɗaure sukurori an sa E biyu, an tura wuya gefe har tazarar kowace daga bakin allo ta zama ɗaya, 3.5 a gaɓa ta ƙarshe. Ramin ya fi dunduniya faɗi da rabin milimita, wannan ne ya ba da damar.

Tsirkiyoyi masu kaurin lamba 10 zuwa 46. Sifirin uku a baya, an ɗaure farce har jaki ya kwanta a jiki. Sukurorin jaki na gefe biyu an saukar da su har suka taɓa faranti ba su danne shi ba, huɗu na tsakiya an ɗaga su kwatan zagaye. An ɗaure rodi kwata, an bar ta ta kwana.

26 ga Maris

Kwari 0.38. An ƙara kashi ɗaya cikin takwas.

27 ga Maris

Kwari 0.25. An bar rodi. Sirada: 2.0 a E mai kauri, 1.6 a siririya, na tsakiya suna bin tudun allo.

Matashi. An danna gaɓa ta 3, an duba gibin da ke kan ta 1: ya kamata ya zama kamar kaurin takarda, nan kati yana wucewa. Tsirkiya a sake tana da 0.8 a kan gaɓa ta 1. Sakamakonsa shi ne in an danna gaɓoɓin farko sai an miƙe tsirkiya, amo ya haura, G a gaɓa ta 1 ta wuce da santi 14 a na'ura, santi 100 ne tazarar amon gaɓa ɗaya. Mutane da yawa suna ɗora wa kunnuwan ɗauri laifin wannan. An sauke tsagogi da magagaran matashi, kowanne ya ɗara tsirkiyarsa faɗi kaɗan, hannu a karkace zuwa kai don tsirkiya ta tashi daga bakin gaba. Bi uku, a mayar da tsirkiya, a ɗaure, a auna. An tsaya a 0.45 a E mai kauri, ana raguwa har 0.30 a siririya. Tsagar D ta zarce da bi ɗaya, ta fara shafar ƙarfe in an kaɗa ta a sake. An cike da garin ƙashi da ɗigon sufa gulu, an sake yanka. Matashin roba ne mai rami a ciki, ba zai ɗauki wata guga ba. An shiga da na ƙashi cikin jerin abin da za a yi.

Ƙarar "tin" da G ke yi in ana ɗaure ta ta tafi, tsagar ce ke cizon ta. An goga bakin fensir a kowace tsaga.

30 ga Maris

Daidaiton amo. Ana kwatanta tsirkiya a sake da yadda take in an danna gaɓa ta 12, jita a riƙe kamar ana kaɗawa, ba a kwance a tebur ba. In na dannawa ya haura, a ja sirdi baya. In ya gaza, a tura shi gaba. Biyar sun zauna ba gardama. E mai kauri ta rage santi 5 sama alhali sifirin bayan sirdi ya matse ƙurmus. An cire shi, an yanke zagaye uku, an samu milimita ɗaya da rabi, ta zauna.

Tsayin maɗaukai, an danna gaɓa ta ƙarshe: masu kwayil guda 2.4 a gefen kauri, 2.0 a gefen siriri, na jaki 1.6. Da farko na wuya yana 1.5, E mai kauri tana rawar murya daga gaɓa ta 14 zuwa sama, na'ura ta kasa tsayawa wuri ɗaya. Maganaɗisu ne ke jan tsirkiya. Da aka sauke shi abin ya wuce, amma sai da aka sake saitin E da A, don an yi na farko ne maganaɗisu yana jan su. Tsayin maɗauki ya kamata ya riga daidaiton amo.

2 ga Afrilu

Kwari bayan kwana shida: 0.25, bai motsa ba. An ja kowace tsirkiya sama sau goma, B ce kawai ta sauka da santi 3. Kunnuwan ɗauri suna da ɗan wasa in an juya baya, amma ba sa zamewa, ba za a canza su ba. An ɗaure notocinsu na milimita 10, uku sun kwance.

Sabuwar matsala ta fito da aka ƙara wa amfilifaya wuta. Maɗaukin jaki yana kuwwa mai tsini ko an dafe tsirkiyoyi, kuma in an ƙwanƙwasa faifai da farce ana ji a sifika. Da kwayil ɗaya a mace abin bai bayyana ba. An fara da mai sauƙi: soso a ƙarƙashinsa, an canza sifirin sukurorinsa da guntun roba. Ya ragu, bai tafi ba. Wayar kwayil ce ke motsi, ba a jiƙa ta da kaki a masana'anta ba. An tanadi kakin kyandir kashi 80 da na zuma kashi 20. Za a narka su a gwangwani cikin tukunyar ruwan zafi, ba a kan wuta kai tsaye ba, a riƙe zafi a digiri 65 na Celsius, a rataye maɗaukin ciki ba ya taɓa gindi har kumfa ta daina fitowa, wajen minti 15. In zafin ya wuce haka robar da aka naɗa kwayil a kai tana lanƙwashewa. Za a auna shi kafin da bayan: 8.2 ake sa ran gani in ya huce.

Ana jiran ma'aunin zafi, da ƙashin matashi mai kauri 3.5, da huluna uku masu kala ɗaya, ɗaya mai haƙora 24, biyu masu 18.